Lofen Kaka: Yadda Taba Ta Shigo Ƙasar Hausa

Wani abokina ɗan Buji, ma'aikaci a Dutse, ya dawo daga kwas a Turai da tsarabar da ta ba mu mamaki: lofe na katako mai sheƙi, da gwangwanin taba mai ƙamshi, da ɗan ƙarfen danna ta. Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidansa, ya fito da kayan, ya shiga cusawa da kunnawa cikin natsuwa kamar mai haɗa shayi. Mutumin da ya haura shekara 40 bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba. Na ce masa, "Haba Malam, da girmanka za ka fara?"

Ya yi murmushi ya kawo hujja biyu. Ta farko, mai lofe ba ya haɗiye hayaƙi, saboda haka babu ruwansa da cutar da ke kama masu sigari. Ta biyu, wannan gado ne, domin kakansa a wani ƙauye kusa da Gantsa yana da lofen yumɓu da battar taba, kuma ya kai tsufa tukuf kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Na kasa ba shi amsa a ranar. Hujjojin nan biyu kowace tana da tarihinta, kuma wanda ya bi sawunsu zai ga inda gaskiyar abokina ta tsaya.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Taba tsiron nahiyar Amurka ce. Mutanen can sun daɗe suna shan ta a bukukuwa da wajen magani kafin jiragen Kolumbus su isa tsibiransu a 1492. Daga nan 'yan Fotugal da Sifaniyawa suka bazu da ita. Wajen 1560 jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. Kafin ƙarshen wannan ƙarni ta sauka a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ta kama hanyar fatake zuwa cikin ƙasa.

Saurin yaɗuwarta abin mamaki ne. Bayan da rundunar Maroko ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, zirga-zirga ta ƙaru tsakanin Tambutu da Marrakesh. Masanin tarihin Maroko, al-Ifrani, ya ruwaito cewa a ƙarshen shekarun 1590 aka kai wa Sarki Ahmad al-Mansur giwa daga ƙasar Sudan, kuma masu rakiyar giwar ne suka zo da ɗabi'ar shan taba, suna cewa tana da amfani. Idan ruwayar ta tabbata, mutanen yankinmu sun riga Larabawan Magrib sanin taba, har su ne suka koya musu.

Ƙasa ma ta ba da shaida. Masana da ke tona kufai a Afirka ta Yamma sukan ɗauki ɓaraguzan lofen yumɓu a matsayin alamar zamani: inda aka fara cin karo da su, galibi an shigo shekarun da suka biyo bayan 1600. Lofen namu yana da siffarsa dabam da ta Bature. Maginan tukwane ke gina 'yar tukunyar, mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, a yi mata zane, a gasa, sannan mai ita ya soka kara ko itace mai rami. Abin da ya sa ake kiransa tukunyar taba ke nan. Ita kanta kalmar "taba" baƙuwa ce da ta zo tare da ganyen, shi ya sa ake jin ta kusan iri ɗaya a Hausa da Fulatanci da Yarabanci.

Gadon da abokina yake magana a kai, ashe, bai wuce shekara 400 da 'yan kai ba. Ya girmi rogo da gyaɗar kasuwa a gonakinmu, amma gero da dawa sun riga shi da dubban shekaru, Musulunci ma ya riga shi zuwa Kano da ƙarnuka.

Malamai sun rabu

Zuwan taba ya jefa masu mulki da malamai cikin ruɗani a ko'ina. A 1604 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya rubuta ƙasida yana la'antar ta. A 1633 Sarkin Daular Usmaniyya, Murad na Huɗu, ya haramta ta a Istanbul da hukuncin kisa. Malaman fiƙihu kuwa sun tarar da abin da babu nassi ƙarara a kansa, sai suka koma ga ƙiyasi: tana sa maye kamar giya? Tana cutar da jiki? Almubazzaranci ce? Tana karya azumi?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amsawa ɗan yankinmu ne, Ahmad Baba na Tambutu, wanda aka kwashe zuwa Marrakesh a 1594. A 1607, yana kan hanyarsa ta komawa gida, ya rubuta fatawa mai suna al-Lam' fi al-ishara li-hukm al-tibgh, inda ya ce taba halal ce matuƙar ba ta gusar da hankali ba. A Masar, manyan malaman Malikiyya biyu suka saɓa: Ibrahim al-Laƙƙani ya haramta, Ali al-Ujhuri ya halatta. Kusa da mu, a ƙasar Bagarmi da ke kudu maso gabashin Tafkin Chadi, wani malami Bafulatani mai suna Muhammad al-Wali ya rubuta littafi sukutum a ƙarshen ƙarni na 17 yana kafa hujjojin haramci. Samuwar irin wannan littafi a nan alama ce cewa lofe ya riga ya cika kasuwanni da zaurukan yankin, domin malami ba ya ɓata tawada kan abin da mutane ba sa yi.

Gardamar ba ta mutu ba. A ƙarni na 19 daular Masina ta Shehu Ahmadu ta hana taba da ƙarfin hukuma, malaman Kunta na Tambutu kuwa suka ƙi yarda da wannan tsanani. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta yi ƙarfi a Kano da kewayenta a ƙarni na 20, ta hana mabiyanta shan ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau busa hayaƙi a bainar jama'a yake rage wa dattijo kwarjini a garuruwanmu, alhali goro ba ya rage masa komai.

Abin da matafiya suka gani

Hugh Clapperton ya sauka a Kano a farkon 1824, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani. Ya ce shan hayaƙin taba ya game maza, amma mata ba sa yi. Ya ce abin da aka fi so shi ne cin goro, ko gumtsar garin taba da aka haɗa da kanwa, kuma a nan mata ma suna da rabonsu. Ya kuma lura ana rina haƙora da leɓe da furen taba, su yi ja. Iyayenmu mata sun san wannan kwalliya, har kalmar "fure" ita kaɗai takan wadatar a gane furen taba ake nufi.

Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina a 1851 ya sake komowa a 1853, ya ga gonakin taba a ƙasar, ya kuma shaida cewa tabar Katsina tana da daraja har a Tambutu. Fiye da shekara 100 bayansa, Polly Hill ta zauna a Batagarawa a shekarun 1960, ta tarar manoma na ci gaba da noman ta suna fataucinta. Taba ta zama amfanin gona, ta zama hajar fatake, ta shiga karin magana: taba ta bambanta da garin gero.

Akwai hikima a haɗin taba da kanwa da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu komo kanta. Nikotin ba ya ratsa fatar cikin baki da sauƙi sai an kashe tsamin da ke tare da shi, kanwa kuwa aikinta ke nan. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun gane da gwaji cewa ɗan gutsuren kanwa yana sa taba ta kama jiki da sauri.

Zuwan kamfani

Abin da ya kashe kasuwar lofe inji ne. A farkon shekarun 1880 wani Ba'amurke, James Bonsack, ya ƙera injin naɗe sigari da ke yin aikin mutane da dama a yini guda. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe harkarsa a Nijeriya a 1912, ya gina masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wanda ya buɗe masana'antar Fatakwal a 1956, da ta Zariya a 1959. Kamfanin ya riƙa ba manoman Arewa iri da shawara, ya saye ganyen bayan an shanya.

Daga nan lissafi ya sauya. Mai lofe sai ya nemi ganye, ya murtsuke, ya cusa, ya nemi garwashi, ya zauna. Sigari kuwa kara ɗaya ake saye a wurin mai tebur, a kunna ana tafiya. Direba da soja da ɗan makaranta da leburan gini duk suka same ta a aljihu. Hayaƙinta ya fi laushi a maƙogwaro, saboda haka ake zuƙar sa har cikin huhu. Lofe ya koma hannun tsofaffin ƙauye, daga nan ya koma ƙasan gado.

Hukuma ta biyo baya a makare. Dokar soja mai lamba 20 ta 1990 ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A 2007 Jihar Kano na cikin gwamnatocin da suka kai manyan kamfanonin taba kotu suna neman diyyar kuɗin jinya. Dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai. Wanda ya ratsa kowace tasha a Jigawa ya san inda wannan sashe na ƙarshe ya kwana.

Lofen Bature da hujjar farko

Lofen da ke hannun abokina ba jikan na kakansa ba ne. An sassaƙa shi daga saiwar wani itace da ke tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, sana'ar da ta bunƙasa a garin Saint-Claude na Faransa a tsakiyar ƙarni na 19. Kwarjinin da ke tare da shi, na farfesa mai zurfin tunani da lauya mai natsuwa, daga littattafai da finafinan Turawa ya zo mana.

Saura batun haɗiye hayaƙi. A nan ne kanwa ta dawo. Hayaƙin tabar lofe ba shi da tsami irin na sigari, don haka nikotin ɗinsa yana ratsa fatar baki kai tsaye, kamar yadda yake yi wa mai gumtsar taba da kanwa. Mai lofe ba ya bukatar ya haɗiye kafin jaraba ta kama shi, hayaƙin kuma yana zaune a kan leɓe da harshe da maƙogwaro. Tun 1795 likitan Jamus, Samuel von Sömmerring, ya lura da yawan ciwon dajin leɓe a tsakanin masu lofe, shekara 155 kafin Richard Doll da Bradford Hill su danganta sigari da dajin huhu a 1950. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 ya tabbatar da alaƙar lofe da dajin leɓe. Wani babban bincike na ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka da aka buga a 2004 ya bi mazan da lofe kaɗai suke sha, ya gano haɗarin mutuwarsu da dajin huhu ya kai kusan ninki biyar na waɗanda ba sa shan taba, ga kuma ƙarin haɗarin dajin maƙogwaro da ciwon zuciya da shanyewar jiki. Haɗarin bai kai na sigari ba, a nan abokina yana da gaskiya. Sai dai wannan sauƙi ne ga wanda ya baro sigari. Shi kuwa daga inda babu haɗari ya taso.

Kakan da ya kai tsufa tukuf fa? Muna tuna shi ne saboda ya rayu. Tsaransa da wani miki a baki ko tari mai jini ya ɗauke a shekara 50 ba a kai su asibitin da zai faɗi sunan cutar ba, an dai ce ajali ne, jikokinsu kuma ba su tashi sun gan su da lofe a hannu ba.

Da na koma Dutse na zayyana wa abokina duk wannan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abin da yake nema a lofen shi ne rabin sa'ar da yake zama ba waya a hannunsa, ba mai kiransa. Na ce wannan bukata ce ta gaskiya, kuma butar shayi a kan gawayi tana ba da ita. Ya ce zai duba. Makon jiya ya aiko mini da hoton wata 'yar tukunyar yumɓu baƙa, mai zanen layi uku a wuya, gefenta a ɓantare. Ya je gida Buji ya sa gwaggonsa ta binciko ta a cikin tsohon adudu. Ya ce zai sa a yi mata akwatin gilashi. Ban tambaye shi inda na katakon yake ba.