Takardu da Hotunan Neman Bizar Turai ta Shengen

Kowace shekara akwai 'yan'uwa daga ikilisiyoyinmu da ake gayyata zuwa Turai: fasto da za shi taron ma'aikatan bishara, malamar asibitin mishan da za ta je kwas na makonni, ƙungiyar mawaƙa, ko uwa da za ta duba ɗiyarta da ta haihu. Da yawansu ana hana su biza, alhali gaskiya suke faɗa game da tafiyar, domin takardunsu sun ƙi yarda da juna. Mun tattara wannan bayani domin sakatarorin ikilisiya da fastoci, tun da su ake fara zuwa wa da tambaya.

Bizar da muke magana a kai ita ce ta gajeren zama a yankin Shengen, wanda ya ƙunshi ƙasashe 29, ciki har da Jamus, Faransa, Italiya, Holan, Girka da Suwizalan. Ingila ba ta ciki, tata bizar daban ce. Mai bizar Shengen ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba. Ana nema ne a wurin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta, ko da wani ya ce masa layin wata ƙasar ya fi sauƙi. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi, kuma kada ya gaza kwana 15 kafin ranar tafiya. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45. Tun daga watan Yuni na 2024 kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfanonin da wasu ofisoshin jakadanci suka wakilta su karɓi takardu, irin su VFS Global da TLScontact. In an hana biza, kuɗin ba ya dawowa.

Masu zuwa ziyarar ibada ta hannun Hukumar Masu Ziyarar Ibada ta Kirista ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 2007, da hukumomin jihohi, su bi umarnin hukumar, gama ita take shirya bizarsu a ƙungiyance. Amma abin da za mu faɗa game da suna da fasfo ya shafe su.

Fasfo da batun suna

Dole fasfon ya zama an ba da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma zai ci gaba da aiki wata uku bayan ranar da mutum zai bar yankin Shengen. Wanda yake da tsohon fasfo mai tambarin tafiye-tafiyen baya ya haɗa da shi, domin shaida ce cewa ya taɓa fita ya kuma dawo.

A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Yawancinmu muna da suna fiye da ɗaya: na gida da yaren kakanni, na baftisma, da kuma wanda malamin firamare ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Mutum ɗaya sai ka same shi Bulus a katin baftisma, Paul a takardar makaranta, sunan mahaifinsa ya zo gaba a banki, ya koma baya a fasfo. Yohanna da John, Iliya da Elijah, Rifkatu da Rebecca, a wurinmu duk abu ɗaya ne. Ma'aikacin da yake duba takardu a Abuja ko Legas bai san mu ba, abin da yake gani mutum biyu ne. Don haka sunan da yake cikin fasfo shi ne sunan, harafi da harafi, kuma shi za a aika wa masu gayyata su kwafa. Kada su rubuta “Fasto Bulus” kawai don haka suka saba kiransa. Hukumar Shige da Fice ba ta ba da fasfo sai bayanan mutum sun dace da na lambarsa ta NIN, saboda haka gyaran suna ko ranar haihuwa yakan fara ne daga hukumar katin ɗan ƙasa, kuma yana cin lokaci. Matar da ta koma amfani da sunan mijinta ta riƙe takardar aure, da takardar rantsuwa ta kotu, da shafin jaridar da aka buga canjin sunan. Katin baftisma abu ne mai daraja a wurinmu, amma ba ya tsayawa a madadin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Hoto

Girman hoton Shengen milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo, mai launi, wanda aka ɗauka cikin wata shida da suka wuce, bayansa fili mai haske ba ado. Fuska za ta cika kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hoton, ana duban kyamara kai tsaye, baki a rufe, ba murmushi. A faɗa wa mai hoto ƙasar da za a je, domin na Amurka dabam ne: inci biyu ta kowane gefe, kuma tun 2016 ba sa karɓar hoton mai tabarau.

Masu hoto sun saba gyara fuska a kwamfuta, su goge tabo, su ƙara hasken fata, har su shafe tsagar gado, suna ganin alheri suke yi wa mutum. A hana su. Hoton da bai yi kama da mai shi ba, ba shi da amfani. Ana barin rufin kai ne saboda addini kawai, shi ma sai an ga fuska daga haɓa zuwa goshi ba inuwa. Babban ɗaurin ɗankwali na ranar zumuntar mata, da hular 'yan Birged, a bar su a gida ran ɗaukar hoto. Farar riga kan saje da farin bango, gara mai duhu.

Kuɗi, gayyata da shaidar dawowa

Tambayoyi uku ne ofishin jakadanci yake son takardu su amsa: me za ka je yi, wa zai biya, me zai dawo da kai. Wasiƙar gayyata ta faɗi ranar fara taro da ranar gamawa, da wurin kwana, da wanda zai ɗauki nauyi, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. A Jamus, mai masaukin da zai ɗauki nauyin baƙo yakan je hukuma a garinsu ya sa hannu a takardar alkawari ta musamman, ya aiko da ainihinta. Ranakun da suke cikin gayyata su ne za su fito a ajiyar kujerar jirgi da kuma inshorar lafiya, wadda dole ta kai Yuro 30,000, ta rufe dukan ƙasashen Shengen da dukan kwanakin tafiya.

Ana buƙatar bayanin asusun banki na watannin baya, galibi uku zuwa shida, mai tambarin banki. Mun san dabarar da ake koya wa mutane: a ari miliyoyi a zuba a asusu saura mako guda, a cire bayan an fito da takarda. Masu dubawa sun fi mu sanin wannan dabara. Mai bishara a ƙauye wanda albashinsa kaɗan ne bai kamata ya ji kunyar asusunsa ba. In gunduma ko hedkwata ce za ta biya, sai ta rubuta haka a fili, ta haɗa da bayanin asusunta da kwafin takardar rajistarta ta Hukumar Rajistar Kamfanoni.

Wasiƙar ikilisiya ta kasance a takarda mai kan ikilisiya, ta faɗi aikin mutumin, da shekarar da ya fara, da cewa an ba shi izinin tafiya, da ranar da ake jiransa ya koma bakin aiki. Muna roƙon fastoci da dattawa kada su sa hannu su ce wani mawaƙi ne ko dikin ne alhali ba haka ba ne, ko da ɗan babban mai ba da gudummawa ne. Ƙarya ce, kuma in ya je ya ɓace, sunan ikilisiyar ne zai zauna a fayil ɗinsu, masu zuwa daga baya su sha wahalarsa. Yaro da zai tafi ba tare da iyayensa duka biyu ba yana buƙatar rubutacciyar yardar wanda bai bi shi ba.

Ran miƙa takardu mutum zai je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa, waɗanda ake iya sake amfani da su cikin wata 59. Ya tafi da ainihin takardu da kwafinsu, ya kuma karanta fom ɗin da kansa kafin ya sa hannu, musamman in a shagon intanet aka cika masa. In an hana shi, za a ba shi takarda da aka nuna dalilin a kai, da hanyar ɗaukaka ƙara. Ya adana ta, domin dalilin da aka nuna shi ne abin da zai fara gyarawa kafin ya sake biyan wani kuɗi.