Turmin Da Ya Tsallaka Teku

Rannan ƙanwata ta nuna mini hoton waɗansu 'yan matan Abzinawa riƙe da jita a wani dandali a Turai, ta ce, "Yaya, waɗannan kam ai sun huta." Na ce mata ke dai bari, kallon kitse kike yi wa rogo. To ga tarihinsu nan, ku ma ku yi alƙalanci.

Sunan ƙungiyarsu Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan Illighadad, wani ƙauye kusa da Abalak a jihar Tawa ta Nijar. Shugabarsu Fatou Seidi Ghali da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa, alhali a al'adarsu jita ta maza ce. Kiɗan mata shi ne tende: turmi ake ɗaure wa fatar akuya a baki, a kifa ƙwarya a ruwa ana bugawa, kamar dai kiɗan ƙwaryarmu na biki. Wani ɗan ƙaramin kamfani a Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da faifansu na farko a 2016, na biyu a 2017. Daga nan sai hanya ta buɗe.

Amma fa wace irin hanya? Kafin a ga jirgi sai an baro Abalak, a bi ta Tawa da Ƙonni da Doso har Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Sannan ga neman biza. In an sauka can kuma, rayuwar ƙananan makaɗa irinsu ɗaya ce a ko'ina: mota guda, mutane da kaya a cunkushe, yau wannan gari gobe wancan. Babu yaran ɗaukar kaya, da kanka za ka sauke, ka yi wasa, ka koma teburi kana sayar da faifai da riguna. Abin da aka samu, kuɗin jirgi da mai da masauki su ci rabonsu tukuna, ragowar ne ake kaiwa gida.

Ita hanyar ma ba tabbas gare ta ba. A 2019 sun yi wasa a Buruklin ta birnin Niyok, aka naɗa. Shekarar 2020 korona ta rufe kowane dandali, faifan bai fito ba sai 2021. Haka ɗan ƙasarsu Mdou Moctar, yana yawon wasa a Amurka aka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyakoki, shi da abokansa suka rasa hanyar komawa ga iyalansu. Ku duba fa, ana yi maka tafi, zuciyarka tana gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da abin gidansu suka fita. Ba su yar da kiɗan iyayensu mata don su burge baƙo ba, shi ne ma ya sa baƙon ya saurare su. Saboda haka 'yar'uwa, kada hoto ya ruɗe ki har ki raina sana'ar hannunki. Kowa kika gani a inuwa, ya sha rana. Allah Ya sa mu dace, amin.