Takarda da Zama Ɗan Gari: Hausawan Jidda daga Nakatu zuwa Rusau na 2022

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun Hausawan da suka zauna a Jidda tun ƙarni na 19, domin gano yadda zuri'a ɗaya ta rabu gida biyu: masu sunan Hawsawi a katin ɗan ƙasa, da waɗanda ake kira Takari, ko da a garin aka yanke musu cibiya. Ta nuna cewa lokacin isowa da shiga rajista su ne suka yi wannan rabo, kuma su ne har yau ke buɗe ko rufe ƙofar makaranta da aiki da muhalli.

Bayan Ganuwa

Lokacin da matafiyin nan Burckhardt ya sauka Jidda a 1814, ya tarar da mutanen Afirka ta Yamma suna dako da sauran ayyukan ƙarfi domin tara guzurin ƙarasawa Makka. Larabawa na kiran su Takarir, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta kogin Senegal, kuma daga nan Hausa ta samo Takari. Suna ne na jimla da ya haɗiye Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Mazauninsu bukkoki ne a wajen ganuwa, kuma unguwarsu da ta fi shahara ita ce Nakatu, kudu da birnin. Da rana gari na bukatar su wajen jan ruwa da sauke kayan jiragen ruwa. Da dare su koma bayan ƙofa.

Yawansu ya ƙaru bayan 1903. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin watan Yuli na shekarar, waɗanda suka tsira suka ci gaba da nausawa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu kuma suka zarce Hijaz. Tafiya ce ta shekaru, ana noma a tsaya, a yi ƙodago a ƙara gaba. Masu hali kan shiga jirgi a Sawakin da takardar izini. Talakawa da dama kuwa sun tsallake Bahar Maliya cikin kwale-kwale daga wajen Masawa, suka sauka a ƙananan tashoshi irin su Lis da Ƙunfuda, don guje wa kuɗin shiga da killacewar lafiya. Dabarar ta cece su daga biyan abin da ba su da shi, amma ta bar su ba suna a kundin kowace hukuma, kuma jikokinsu ne suka biya bashin.

Akwai kuma tabon bauta. Yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon 'yanta bawan da ya gudo gare shi, ikon da ya ci gaba har 1936. Cikin waɗanda aka 'yanta akwai 'yan Afirka ta Yamma da aka sayar tun suna yara a kan hanyar hajji. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Mafi yawan Takarir 'ya'ya ne da suka zo da ƙafarsu, sai dai idon gari bai cika bambance baƙin alhaji da baƙin bawa ba.

Ma'aunin Doka

Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a Disamba 1925, aka shelanta masarautar Saudiyya a 1932. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 ta ɗauki shekarar 1332 ta Hijira, wato 1914, a matsayin ma'aunin tantance mazauna na asali, ta kuma rataya gadon ƙasa a wuyan uba. Haihuwa a Jidda ita kaɗai ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Iyalan da suka riga suka kafu, ko suka nemi takarda a shekarun da samunta ke da sauƙi, su ne kakannin Hawsawi da Fallata da Barnawi na yau. Maƙwabcinsu da ya ɗauki kansa baƙon Allah mai jiran ranar komawa gida, ko ya ga babu abin da zai kai shi ofishin hukuma, ya wanzu ƙarƙashin kariyar Ingila ko Faransa a takarda, daga baya ya zama ɗan wata Nijeriya ko Nijar da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba.

Hukumomin gida sun san da matsalar. An tura Abubakar Imam ya binciki halin alhazai a 1953, Abubakar Gumi kuma ya riƙe ofishin alhazan Nijeriya a Jidda a 1957. Amma hankalin hukuma ya fi karkata ga mai zuwa ya koma, shi ya sa mazaunin dindindin ya faɗa tsakanin gwamnatoci biyu. Da jirgin sama ya maye gurbin ƙafa, alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977. Arzikin mai a can, da farin 1973 da na 1984 a ƙasar Hausa, suka sa wasu suka riƙa zuwa Umara su maƙale. An rushe ganuwar Jidda tun 1947, gari ya bazu ya haɗiye tsofaffin ƙauyukan bayanta, sababbin zuwa suka cika unguwanni irin su Karantina da Sabil da Gulail. A bakin Bahaushe kalmar Takari ta sauya ma'ana, ta koma nufin mai zama ba igama.

Filin Ƙwallo da Ajin Karatu

Inda aka samu takarda, shigar ta yi nisa. Muhammad Nur Hawsawi ya yi kyaftin ɗin Al-Ittihad ta Jidda, ƙungiyar da ta ci kofin zakarun Asiya a 2004 da 2005. A gasar cin kofin duniya ta 2018 tawagar Saudiyya na da Hawsawi uku, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ne ma kyaftin. Duk da haka katin ɗan ƙasa bai wanke harshen mutane ba. A 2013 wata mata ta kira Nawal al-Hawsawi, haifaffiyar Makka, da sunan baiwa a wajen bikin ranar ƙasa, ita kuwa ta kai ƙara. Abin lura shi ne ta iya kai ƙarar. Wadda ba ta da igama, in ta doshi ofishin 'yan sanda, kanta ta kai.

A fagen ilimi lamarin ya fi ban takaici. Jami'ar Musulunci ta Madina, tun kafa ta a 1961, ta ɗauki ɗaliban Kano da Sakkwato da Maraɗi da guzurin karatu, Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda ma tana karɓar baƙi. Ɗalibin da ya zo da fasfo daga nisan dubban kilomita yana da kujera, yaron da aka haifa a Karantina ba takardar haihuwa kuwa ko firamaren gwamnati ba zai shiga cikin sauƙi ba. Makarantar allo da ta unguwa ce gatansa. Haka abin yake a wajen aiki: tsarin Niɗaƙat na 2011 ya ware wa 'yan ƙasa kaso a kamfanoni, tsarin kafala ya ɗaure baƙo mai izini ga mai gidansa, marar takarda kuma ba ya cikin lissafin kowanne. Saura masa wanki da dako da talla da tsintar gwangwani, da fargabar tarhil, musamman bayan ƙarewar wa'adin afuwa a Nuwamba 2013.

Ba a rasa misalin wata hanya ba. Daga 2013 hukuma ta gyara zaman al'ummar Burma mazauna Makka, ta ba su igamar shekara huɗu kyauta, abin da ya buɗe musu makaranta da asibiti da aiki. Dalilin da aka bayar shi ne ba su da ƙasar komawa. Bahaushen da kakansa ya sauka a Lis ana ɗauka yana da ita.

Rusau

Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwannin da hukuma ta kira marasa tsari, tana cewa matattarar laifi da miyagun ƙwayoyi ne. A Disamba na shekarar aka ƙaddamar da shirin sabunta tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75. Cunkoso da rashin magudanai a waɗannan wurare gaskiya ne, kuma mazaunansu ne suka fi kowa shan wahalarsu. Amma rabon diyya ya bi tsohon layin nan. Ƙungiyar Amnesty International ta bayyana a Yuni 2022 cewa rusau ɗin ya shafi unguwanni sama da 60 da mutane fiye da rabin miliyan, kuma tsarin diyyar ya tsame baƙi, waɗanda ta ƙiyasta su kashi 47 cikin 100 na waɗanda aka tasa. Karantina da Sabil da Gulail duk suna cikin jerin. A lungu guda, iyalin da kakansu ya yi rajista suka nufi kwamitin diyya da takardunsu, maƙwabtansu masu harshe ɗaya da su suka ɗaure kaya suka shiga neman ɗakin haya a garin da mai gida ke tambayar igama kafin ya miƙa mabuɗi.