Taya Biyu Da Jirgin Alhazan Sakkwato

Tun kafin a sa wa jirgin sama inji, akwai masu ƙarfin hali a Turai da suke ɗinka fiffike da gora da yadi, su rataya a ƙarƙashinsa, iska ta ɗauke su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Percy Pilcher na Ingila. Ranar 30 ga Satumba 1899 ya tashi a gaban 'yan kallo bayan ruwan sama ya jiƙa yadin, wutsiyar fiffiken ta karye, ya faɗo daga tsayin da bai wuce mita 10 ba. Kwana biyu ya yi ya mutu. Ɗan abu ne ya lalace, amma a sama babu gefen hanya da za a tsaya a gyara.

Mun kawo labarinsa ne don mu ma muna da namu, wanda ya fi shi ciwo nesa ba kusa ba. Ranar 11 ga Yuli 1991, lokacin da mu nan Zuru muke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, saura makonni kaɗan a ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, yana jigila da sunan Nigeria Airways. Mutum 261 ne a ciki, fasinja 247 da ma'aikata 14, kuma babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙan su.

Abin da bincike ya gano shi ne ya kamata marubuci ya tsaya a kai. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun san akwai tayoyi biyu da iskarsu ba ta cika ba, amma aka gyara lamba a takarda maimakon a gyara taya. Da safiyar tafiya babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma ya ƙi yarda a makara. Shi ma yana cikin jirgin.

Taya mai ƙarancin iska tana jibga nauyinta ne a kan 'yar uwarta. Jirgi na cikin gudu a titin tashi, tayoyi biyu na hagu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa ba su sani ba, domin babu na'urar da za ta nuna musu wuta a wannan wuri, sai suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa kamar kullum. Wato da hannunsu suka shigar da gobara inda wayoyi da bututun man sarrafa jirgi suke. Sun juyo za su sauka, amma wuta ta riga ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai, jirgin ya tarwatse dab da titin sauka.

Mun saba mu ce ƙaddara ce mu yi shiru, kuma ba mu musun ƙaddara. To amma wanda zai rubuta wannan labari, ko a ƙagagge ko a tarihi, in ya tsallake wannan takarda da aka sauya wa lamba, rabin labarin ya bayar. Shi kuwa kamfanin Nationair, a 1993 ya durƙushe.