Giwa, Ɓera da Ciwon Daji: Abin da Jikin Dabbobi Masu Shayarwa Ya Bayyana

Ciwon daji daga ƙwayar halitta guda ɗaya yake tashi. Jikin baligi yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi wajen tiriliyan 30, kuma duk sa'ad da ɗaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun gadon da ke cikinta, wato DNA, mai haruffa fiye da biliyan 3. Aikin kamar na malamin da ke kwafar littafi da alƙalami ne: komai ƙwarewarsa, idan shafuka suka yi yawa, shekaru suka yi tsawo, wata rana sai hannu ya goce. Yawancin kurakuran ba su da illa. Amma idan 'yan kaɗan suka taru a wuraren da ke tsawata wa ƙwaya kada ta hayayyafa barkatai, ƙari ya samu ƙofa.

Lissafin da ke biyo bayan wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi yawan ƙwayoyi, ya kuma fi tsawon rai, shi ya kamata ya fi kamuwa. A cikin jinsi ɗaya kuwa haka abin yake. Wani bincike a kan mata fiye da miliyan ɗaya a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa duk ƙarin santimita 10 na tsawo yana tafe da ƙarin haɗarin ciwon daji, wato kansa, da kimanin kashi 16 cikin ɗari. Manyan karnuka ma sun fi ƙanana kamuwa da kansar ƙashi.

Da zarar an tsallaka daga wani jinsi zuwa wani, sai lissafin ya watse. Richard Peto na Jami'ar Oxford ne ya ja hankali a kan haka a 1977. Mutum ya ninka ɓera yawan ƙwayoyi wajen sau dubu, ya ninka shi shekaru wajen sau 30, amma ɓeran ɗakin gwaji cikin shekaru biyu zuwa uku kansa ke kashe shi, mutum kuwa yakan kai saba'in lafiya lau. Giwa fa? Tana iya kai tan 6, ta rayu shekara 60 ko fiye. Da lissafin farko gaskiya ne, da babu giwar da za ta kai munzalin haihuwa. Wannan ɗaurin gwarmai shi masana suka laƙaba wa sunan Peto, kuma ya yi kusan shekara arba'in ba a kwance shi ba, domin karanta rubutun gadon dabba a lokacin abu ne mai ɗan karen tsada.

A 2015 aka fara ganin haske, daga ƙungiyoyi biyu da ke aiki kowace da nata. Ɗaya ta Joshua Schiffman ce, likitan kansar yara a jihar Utah ta Amurka, ɗayar ta Vincent Lynch, wanda a lokacin yake Jami'ar Chicago. Dukansu sun tsaya ne a kan ƙwayar gado mai suna TP53. Aikinta gadi ne: idan rubutun gado ya lalace, furotin ɗin da take samarwa yakan dakatar da ƙwayar halitta har a gyara, idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara kuma ya umarce ta ta kashe kanta. A kusan rabin cututtukan kansa na ɗan Adam, ana tarar da wannan mai gadi a lalace. Mutum yana da kwafi ɗaya, wanda ya gada ta wajen uwa da ta wajen uba. Waɗanda aka haifa da ɓangare guda a lalace, masu larurar Li-Fraumeni, mafi yawansu ba sa tsira daga kansa a rayuwarsu, da yawa tun suna yara.

Giwar Afirka kwafi 20 gare ta. Da aka haska wa ƙwayoyin jininta haskoki masu lalata DNA, sai aka ga suna kashe kansu ninki biyu na yadda ƙwayoyin mutum ke yi. Wato giwa ba ta ɓata lokaci wajen lallaɓa ƙwayar da ta samu rauni. Kawar da ita take yi. Schiffman da abokan aikinsa sun duba bayanan mutuwar giwaye 644, suka ƙiyasta cewa waɗanda kansa ta kashe ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali a mutane adadin yana tsakanin 11 da 25. Lynch shi kuma tarihin abin ya bi. Dangin giwa mafi kusa da suka rage a duniya su ne rema da ke cikin duwatsu da ayu da ke cikin ruwa, dabbobin da Bahaushe ya sani sarai ko da bai taɓa zaton suna da zumunci da giwa ba. Su kwafi ɗaya ko biyu kawai gare su. Yawan kwafin ya riƙa ƙaruwa ne yayin da jikin kakannin giwa ke ƙara girma. A 2018 ƙungiyar tasa ta ƙara gano wata ƙwayar gado, LIF6, wadda ta daɗe a mace a cikin zuriyar, sannan ta farfaɗo a jikin giwa tana taimaka wa TP53 wajen kashe ƙwayoyin da suka ɓaci.

Jaridu sun yi ta yayata cewa an gano sirrin giwa. Gaskiyar ta fi haka sarƙaƙiya. Yawancin kwafin nan guntaye ne, ba cikakku ba, kuma har yanzu masana na ja-in-ja a kan nawa ne daga ciki ke aiki. Fritz Vollrath na Oxford ma ya kawo wani ra'ayi a 2023: 'ya'yan marainan toron giwa a cikin ciki suke, inda zafi ke iya lalata maniyyi, don haka wataƙila kare iri ne asalin dalilin yawaitar mai gadin, kariya daga kansa kuwa riba ce da ta biyo baya.

Ɓeran nan marar gashi da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa a Habasha da Somaliya da Kenya wata hanya ya bi daban. Girmansa bai wuce na ɓeran gida ba, amma yakan haura shekara 30, kuma da ƙyar ake ganin ƙari a jikinsa. Vera Gorbunova da Andrei Seluanov na Jami'ar Rochester sun lura cewa ruwan da suke rainon ƙwayoyinsa a ciki yakan yi kauri da yauƙi. Da suka bi diddigi, sai suka iske wani sinadari ne mai suna hayaluronan, wanda mu ma muna da shi a fata da gaɓɓai, sai dai nasa ya ninka namu tsawo fiye da sau biyar. Shi ke sa ƙwayoyin su daina rabuwa da zarar sun fara cunkushewa. Da aka cire shi, kariyar ta tafi. An wallafa wannan a 2013. Bayan shekara goma suka dasa wa ɓerayen gwaji ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin. Kansa ta ragu a cikinsu, tsawon ransu ya ƙaru da kimanin kashi 4.4 cikin ɗari. Ƙarin ba shi da yawa, amma ya tabbatar da cewa ana iya ɗauko dabarar wani jinsi a kai wa wani ta yi aiki.

A tekun ƙanƙara na arewacin duniya kuma akwai bowhead, daga dangin wel, ƙattin dabbobin nan da ake ɗauka kifaye ne alhali haihuwa suke yi su shayar. Yakan wuce tan 80, ya rayu fiye da shekara 200. A 2007 mafarautan Alaska sun tsinci guntun mashi na ƙarni na 19 a jikin wanda suka kama. Binciken da ƙungiyar Gorbunova ta wallafa a 2025 ya nuna cewa shi gwanin gyara ne. Ƙwayoyinsa cike suke da wani furotin, CIRBP, mai taimakawa wajen ɗinke zaren DNA idan ya tsinke, ba tare da barin kuskure mai yawa ba.

A ganina, aikin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne wanda bai samu irin shelar da giwa ta samu ba. A 2022 Alex Cagan da abokansa a Cibiyar Sanger ta Ingila suka ɗebi ƙwayoyin hanji daga jinsi 16 na masu shayarwa, suka ƙirga kurakuran da ke taruwa a kowace ƙwaya duk shekara. Ɓera yana tara kusan 800. Mutum 47. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne raƙumin dawa da ɓera marar gashi: ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau dubbai, amma shekarunsu sun yi kusa, kuma kurakuransu 99 ne da 93. Girman jiki bai faɗi komai ba a nan, tsawon rai ne ya yi magana. A ƙarshen rayuwa kuma, ko ta shekara uku ce ko ta tamanin, jimillar kurakuran kowace ƙwaya takan tsaya ne wajen dubu uku, da bambancin da bai wuce ninki uku ba. Wannan ya ɗaure maganar kansa da maganar tsufa a igiya ɗaya, kuma ya nuna cewa saurin lalacewar rubutun gado abu ne da kowane jinsi ke da nasa ma'auni a kai.

Shi kansa ɗaurin na Peto bai tsira daga bincike ba. Nazarin da aka yi a kan dabbobi 110,148 na gidajen namun daji, daga jinsi 191, ya goyi bayansa a 2022, ya kuma ƙara da cewa masu cin nama sun fi masu cin ciyawa kamuwa nesa ba kusa ba. Amma a 2025 wasu masana daga Jami'ar Reading da abokan aikinsu suka duba jinsi 263, suka ce manyan dabbobi sun ɗan fi ƙanana kamuwa, sai dai waɗanda suka girma cikin hanzari a tarihinsu, irin su giwa, sun faɗo ƙasa da abin da girmansu ke hasashe. Ina ganin saɓanin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ko da haɗarin yana ƙaruwa da girma, ƙaruwar ba ta kama ƙafar ninki dubun da lissafi ya nema ba. Inda matsala take shi ne tushen alƙaluman. Kusan dukkansu daga dabbobin da ke tsare ne a Turai da Amurka, masu cin abincin da ba nasu ba, wasu ma ana ba su maganin hana haihuwa. Giwar da ta mutu a Yankari ko raƙumin dawan da ya faɗi a Kure ta Nijar da wuya su shiga irin wannan ƙididdiga.

Game da magani kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Gwajin furotin ɗin giwa a kan ƙwayoyin kansar mutum yana matakin ɗakin bincike ne, kuma akwai dalilin taka-tsantsan da aka sani tun 2002. A shekarar, masana a Texas suka samar da ɓerayen da mai gadin nan, TP53, ke aiki a jikinsu ba ƙaƙƙautawa. Kansa ta yi musu wuyar kamawa, amma suka tsufa da wuri: ƙashi ya yi rauni, baya ya ranƙwafa, suka mutu kafin 'yan'uwansu, domin ƙwayoyin da ke sabunta jiki ma sun riƙa ƙarewa. A wannan shekarar dai, ƙungiyar Manuel Serrano a Madrid ta ƙara wa nata ɓerayen cikakken kwafi guda, haɗe da sassan da ke kunna shi da kashe shi a kan kari. Waɗannan sun samu kariya daga kansa, kuma ba su tsufa da wuri ba.