Unguwa da Lafiyar Zuciya: Nazari a kan Hujjar da Ƙuri'a ta Bayar

Tsakure

Maƙalar ta duba ko talaucin unguwa yana cutar da zuciyar mazauninta, ko kuwa talaucin mutum ne kaɗai ke aiki. Ta fifita binciken da ƙuri'a ko rabon hukuma ya zaɓa wa mutane mazauni, ta kuma tsaya a kan cewa unguwa tana da nata laifin.

Gabatarwa

Ba a jayayya cewa ciwon zuciya ya fi yawa a unguwannin talakawa. A 2001 Diez Roux da abokan aikinta suka bi sawun mutane kusan 13,000 a yankuna huɗu na Amurka, suka tarar cewa ko an daidaita samu da ilimi da sana'a, mazauna unguwanni mafi talauci sun fi kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya. Ta fuskar juriyar jiki ma, Shishehbor ya nuna a 2006, a birnin Cleveland, cewa marasa lafiya daga irin waɗannan unguwanni sun fi saurin gazawa a kan na'urar gwajin gudu, kuma bugun zuciyarsu yakan jima bai sauko ba bayan an tsayar da gwajin.

Inda ake sa-in-sa shi ne dalili. A 2004 Oakes ya yi suka mai kaifi: mutane ba faɗowa suke daga sama cikin unguwa ba, aljihu da rashin lafiya da wariya ne suke kai su. Wanda ciwo ya hana shi aiki yakan koma inda haya take da araha, sai mai bincike ya zo ya ɗora wa unguwar laifin ciwon da mutumin ya shigo da shi. A ganinsa, babu lissafin da zai raba mutum da mazauninsa muddin shi ya zaɓa. Wannan suka tana da ƙarfi, na kuma yarda da ita a kan binciken bin sawu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda wasu suka mayar da ita hujjar cewa gyaran unguwa ɓata kuɗi ne, wa'azin motsa jiki ya isa.

Hanyar Bincike

Na tace ayyukan da aka buga da sharaɗi ɗaya: kada mutum ya zama shi ya zaɓi unguwarsa.

Sakamako

Hujja mafi nauyi ita ce shirin Moving to Opportunity na ma'aikatar gidaje ta Amurka. Daga 1994 zuwa 1998 aka jefa ƙuri'a a kan mata 4,498 masu 'ya'ya, mazauna gidajen gwamnati a unguwanni masu tsananin talauci a Baltimore, Boston, Shikago, Los Anjalas da New York. Kashi na farko aka ba su takardar tallafin haya da ba ta aiki sai a unguwar da matalauta ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Na biyu aka ba su takardar da za su kai duk inda suka so. Na uku ba a ba su sabon abu ba. Tsakanin 2008 da 2010 aka koma aka auna tsawo da nauyinsu, aka ɗiga jinin yatsa a takarda don gwajin sukari.

Rahoton Ludwig da abokansa na 2011 ya nuna cewa a kashi na uku, mace ɗaya cikin biyar tana da sukarin da ya kai mizanin ciwo; a kashi na farko adadin ya ragu da maki 4.3 cikin ɗari. Matsananciyar ƙiba ma ta ragu da maki 3.4. A lura da kyau: ba a ba matan nan magani ba, ba a tsara musu abinci ba, ba a sa su atisaye ba. Ƙari a kan haka, kusan rabinsu ne kawai suka yi amfani da takardar suka tashi, amma lissafin ya haɗa har da waɗanda suka zauna. Ke nan tasirin ƙaurar a jikin wadda ta tashi ya fi abin da alƙaluman suka nuna. Sukar Oakes ba ta da wurin kamawa a nan, domin ƙuri'a ba ta san mai lafiya da maras lafiya ba. Matan da suka koma sun kuma ce sun fi samun kwanciyar hankali, kuma uwar da ba ta tsoron titi ita ce za ta taka zuwa kanti da ƙafa, ta yi barci da dare.

Denmak ta ƙarfafa wannan. Daga 1986 zuwa 1998 hukuma ce take rarraba 'yan gudun hijira a garuruwa, kuma Hamad da abokanta sun tarar a 2020 cewa waɗanda aka sauke a unguwanni masu rashi sun fi kamuwa da hawan jini da sukari da bugun zuciya.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne rahoton Ludwig mata kaɗai ya auna, bai gwada juriyar jiki ba, kuma ƙibar da ba ta tsananta ba ba ta ragu ba. Ma'aunan talaucin ma na ƙasashen Yamma ne: misali na Townsend, na 1988, yana ƙirga rashin mota da rashin mallakar gida, alhali a cikin birnin Kano mutum yana iya zama a gidan gado yana fama da abin cefane, mai turin ruwa kuwa ya fi mai ofis a unguwar Nasarawa wahalar da jiki. Waɗannan sun taƙaita girman hukuncin, ba su rushe shi ba.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. Ina kira ga masu bincike a jami'o'inmu su ƙirƙiro ma'aunin talaucin unguwa da ya dace da Kano da Zariya da Maraɗi, su kuma riƙa rubuta unguwar majiyyaci a duk rajistar hawan jini.