Yadda Injiniyoyi Ke Rage Ƙara Da Girgizar Ƙafafun Jirgin Ƙasa

Mafi yawan ƙarar da jirgin ƙasa ke yi a tafiyarsa ta yau da kullum tana fitowa ne daga wurin da ƙafarsa ke taka ƙarfen dogo, ba daga injinsa ba. Wannan wuri bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, amma a taragon kaya da aka cika, kowace ƙafa na iya ɗora masa nauyin tan 10.

Masana sun kasa ƙarar gida uku. Ta farko ita ce rugugin tafiya, wanda ke samuwa daga kaushin da ido ba ya gani a fuskar ƙafa da ta dogo. Kaushin ne ke girgiza ƙarfen, ƙafar kuma ta amsa kamar ƙararrawa. Ta biyu ita ce ƙarar nan mai kashe kunne da ake ji a kwana. Sandar ƙarfe ɗaya ce ke haɗe ƙafafu biyu, don haka dole su juya tare, alhali ta waje ta fi ta ciki nisan tafiya; idan kwanar ta yi tsanani sai ƙafa ta riƙa kamawa tana zamewa. Ta uku ita ce bugun da ake ji a mahaɗar dogo, ko inda birki ya cinye gefe ɗaya na ƙafa.

Binciken da Paul Remington ya fara a Amurka a shekarun 1970, wanda David Thompson ya faɗaɗa a Turai, shi ne tushen manhajar TWINS, wadda ke ƙiyasta ƙarar ƙafa tun kafin a ƙera ta. An gano cewa ƙafar da bangon tsakiyarta yake miƙe kuma mai kauri ta fi mai lanƙwasa shiru, haka nan ƙaramar ƙafa ta fi babba. Sai dai lanƙwasar na da amfaninta, domin ita ke ba ƙarfe damar buɗewa idan birki ya zafafa shi.

Akwai kuma dabarun kashe amon ƙarfe: a saka zobe a cikin bakin ƙafar, ko a manna mata faranti da roba a tsakani. A ɓangaren dogo, ana haɗe shi da walda don kawar da mahaɗai, ana goge fuskarsa, ana kuma shafa mai a kwanoni.

Gyaran birki ne ya fi tasiri ga jiragen kaya. Birkin zubabben ƙarfe yana kausasa fuskar ƙafa, shi kuwa na zamani da ake haɗawa da roba da wasu sinadarai yana barin ta sumul. Bambancin kan kai desibel 10, abin da kunne ke ji kamar an rage rabin ƙarar. A shekarar 2020 Suwizalan da Jamus suka hana taragun kaya masu ƙara bin layukansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojinta na 2018 ga nahiyar Turai, ta ba da shawarar kada ƙarar jirgin ƙasa ta wuce desibel 44 da dare, saboda illarta ga barci.

Amma neman shiru yana da iyaka. Jiragen ICE 1 na Jamus sun fara aiki da ƙafafun ƙarfe dunƙulallu, sai aka yi ta kuka da girgiza, musamman a taragon cin abinci. Aka sauya su da ƙafafu masu roba tsakanin cibiya da zoben waje, irin waɗanda ƙananan jiragen cikin gari ke amfani da su, ba tare da an yi musu isasshen gwaji a gudu mai tsanani ba. Ranar 3 ga Yuni, 1998, zoben wata ƙafa ya tsage kusa da garin Eschede, jirgin na gudun kimanin kilomita 200 a awa. Taragu suka sauka daga layi, suka daki gada, ta rufto musu. Mutum 101 suka rasu. Bayan haka aka mayar wa jiragen dunƙulallun ƙafafu. Shi ya sa ba a amincewa da sabon fasalin ƙafa sai an tabbatar yana jure nauyi da zafi da gajiyar ƙarfe.

Wannan batu ya shafi Najeriya, inda aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, sai Jan Layin Legas a 2024, wanda ke ratsa unguwanni masu cunkoso kamar Agege, Oshodi da Mushin. A irin waɗannan wurare, kwanciyar hankalin maƙwabtan layi ta dogara da kulawa: sassaƙe ƙafafu a kan kari, goge dogo, da cire duk taragon da ƙafarsa ta fara bugu kafin ta lalata layin.